Tafiya Zuwa Kaufman, Garin da Ya Kori Mayankar Dawakai

Daga birnin Dalas na kama hanyar kudu maso gabas, kuma kafin awa guda ta cika dogayen benaye sun ɓace, sai filayen kiwo masu shingen waya inda dawakai ke tsaye a inuwa suna korar ƙuda da wutsiya. Garin da na nufa shi ne Kaufman, ƙaramin gari mai mutum kimanin 7,000 a jihar Tekzas ta Amurka, wanda sunansa ya shahara saboda gwagwarmayar da mazaunansa suka yi da mayankar dawakai ta Dallas Crown, mallakar wani kamfanin ƙasar Beljiyam da ke fitar da naman zuwa Turai.

Na fara da unguwar Boggy Bottom, wadda yawancin mazaunanta baƙaƙen fata ne, domin ita ce ke maƙwabtaka da mayankar. Gidaje ne ƙanana na katako, wasu da kujeru a baranda, kuma sai mutum ya tsaya a nan ya ga kusancinsu da wurin yankan kafin ya fahimci abin da suka jure shekara da shekaru. Magajiyar garin ta wancan lokaci, Paula Bacon, ta sha bayyana yadda wari ya addabi jama'a, ungulaye suka yi sansani, jini kuma ya riƙa toshe magudanan ruwa har ya dawo cikin gidaje. Ita ce ta ja ragamar ƙorafin, aka yi ta kai ruwa rana da kamfanin, har a farkon 2007 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta tabbatar da wata dokar Tekzas ta 1949 da ta hana sayar da naman doki domin ci. A shekarar nan aka rufe wannan mayanka, da ta Fort Worth, da ta DeKalb a jihar Ilinoi.

A ganina mutanen Kaufman sun yi abin da ya dace, kuma sun cancanci yabo. Gwamnatin tarayya ce ta tsaya a rabin hanya. Majalisar dokokin Amurka ba ta haramta yankan ba. Kuɗin biyan jami'an duba nama kawai ta janye, alhali ba a sayar da naman da ba a duba ba. Ta mayar da kuɗin a 2011, ta sake janyewa a 2014 lokacin da ake shirin buɗe wata mayanka a Roswell ta jihar New Mexico.

Da na ci gaba zuwa kudu, wajen Eagle Pass, garin da ke kan iyakar Amurka da Meziko, na bi bayan wata doguwar motar dabbobi, ina hango idanun dawakai ta ramukan ƙarfen jikinta cikin tsananin rana. Nan batun ya fi damuna, domin ofishin binciken majalisar ya bayyana a 2011 cewa dawakai kusan 138,000 aka kai Meziko da Kanada domin yanka a 2010 kaɗai, kuma ma'aikatar noma ba ta da isassun jami'an da za su sa ido kan lafiyarsu a hanya. Ƙudurin da zai hana fitar da su ya sha zuwa gaban majalisa, amma bai zama doka ba.