Yadda na raba kurege da tiyon ban ruwana

Shekara uku ke nan da na mayar da filin bayan gidanmu, can wajen Rijiyar Zaki, ɗan lambu, inda nake shuka tumatir da alayyafo da kuɓewa, da zogale a jikin katanga. Ruwan yana zuwa ne daga tankin da injin sola ke cikawa, ta cikin dogon tiyon roba da nake barin sa shimfiɗe a ƙasa. A watan Afrilun bara, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40 da rana, sai na fara iske tiyon a huje, da zarar na buɗe famfo ruwa ya riƙa tsartuwa ta wuri uku ko huɗu, kafin ya kai ga shuka ƙarfinsa ya ƙare. Da na tsuguna na duba, sai na ga kowane huji da shatin haƙora biyu a jere, ga ɓarɓashin baƙar roba a warwatse kan ƙasa.

Gafiya na fara zargi, har sai da wani dattijo maƙwabcinmu, wanda ya daɗe yana noman rani a Kadawa, ya leƙo ya juya tiyon a hannunsa. Ya ce, "Ɗana, da dare ake yi maka wannan ɓarnar ko da rana?" Na ce, "Baba, lafiya lau nake barin sa da safe, bayan la'asar nake iske shi haka." Ya ce, "To gafiya da dare take fita. Wannan kurege ne, kuma ƙishirwa ce ta kawo shi." Kwana biyu bayan haka na ga raminsa ƙarƙashin tarin bulo a kangon da ke jikin gidanmu.

Abu biyu ne ke haɗa kurege da kayan lambu. Na farko shi ne ƙishirwar da dattijon ya faɗa, domin a tsakiyar bazara babu wani danshi a unguwa sai wanda ya rage a cikin tiyo. Na biyu kuwa halitta ce: haƙoransa na gaba, biyu a sama biyu a ƙasa, ba sa daina tsiro muddin yana raye, don haka dole ya riƙa gaigayar abu mai tauri yana rage su, ko itace ne, ko roba, ko bawon wayar lantarki. Wannan na ƙarshen shi ya fi tayar mini da hankali, saboda wayar da aka feɗe kusa da ruwa tana iya cin ran mutum.

Na gwada kwaɓa garin barkono da mai na shafa wa tiyon. Ya yi amfani na 'yan kwanaki, amma ruwa da rana suna cinye yajin, ga yara da ke taɓa tiyon su kai hannu ido. Guba kuwa, ko da aka ba ni shawarar sa maganin ɓera, na ƙi, kuma har yau ina kan bakana. Gidan da ke da kaji da kyanwa da ƙananan yara ba wurin ajiye guba ba ne, kuma mushen da ta kashe yakan kashe abin da ya ci shi.

Abin da ya yi mini magani shi ne raba bakin kurege da kayan baki ɗaya. Na sayo bututun roba mai kauri a Ƙofar Ruwa, na binne shi kamar taki guda a ƙasa tun daga tanki har tsakiyar lambu, na zura wayar injin cikin bututun ƙarfe. Guntun tiyon da ya rage a fili, da na gama ban ruwa sai in tsiyaye shi, in naɗe, in rataye a ɗakin ajiya. Wurin renon iri kuma na kewaye shi da ragar waya mai ƙananan ido, na nutsa gindinta santimita 30 a ƙasa, domin kurege gwanin tono ne, ragar da aka tsayar a bisa ƙasa kawai ta ƙarƙashi zai bi ta. Na nemi izinin mai kangon muka kwashe bulon, muka share ciyawar.

Sannan na bi shawarar dattijon na ajiye kaskon ruwa a can ƙarshen fili, nesa da shuka, ina sauya ruwan duk bayan kwana biyu don kada sauro ya hayayyafa a ciki. Da hantsi nakan hango kuregen ya zo ya sha, ya miƙe tsaye a kan ƙafafunsa na baya ya duba hagu da dama, ya koma. A bazarar bana huji ɗaya kacal na samu, ranar da muka tafi ɗaurin aure aka manta tiyon a waje har magariba.