Rigimar Huawei a kan teburina

Shekara goma sha huɗu ke nan ina gyaran waya a Farm Centre, Kano. Maigidana, Allah Ya jiƙansa, sai da ya bar ni wata shida ina kwance sukurori ina jera su a marfin kwalba kafin ya yarda na taɓa fanel. Ranar da na ɗaga IC ɗin caji, wato ɗan guntun da ke kula da caji a jikin fanel, na mayar da sabo ba tare da na ƙona na kusa da shi ba, bai yabe ni ba. Shayi kawai ya aika a sayo mini.

A watan Mayun 2019 gwamnatin Trump ta sa Huawei cikin kamfanonin da ba a sayar wa fasahar Amurka sai da izini. Shi ya sa wayarsa Mate 30 ta fito a Satumba ba manhajojin Google: ba Play Store, ba Gmail. Amurka ta so ƙawayenta ma su fatattaki kamfanin na Chaina daga aikin 5G, amma kowa ya duba aljihunsa. Birtaniya ta ce a Janairun 2020 za ta bar masa har kashi 35 cikin ɗari na kayan da ba na tsakiyar tsarin ba, sai ga shi a Yuli ta lashe amanta, ta ce a cire komai kafin ƙarshen 2027. Jamus kuwa ta yi ta jan ƙafa har 2024.

Su suna can suna ja-in-ja, ni kuma alhazai na dire mini wayoyin da aka yo musu tsaraba daga Dubai: “Injiniya, sa mini Google.” Gaskiya nake faɗa musu, ba ta zama daram a irin wannan wayar. Sai mutum ya tsallaka wurin yaran da suka koyi sana'ar a sati uku, su ɗura masa wata manhajar da ba a san asalinta ba. Bayan kwana biyu manhajar banki ta ƙi buɗewa, ya dawo, kuma bakinsa bai mutu ba, sai ya taya aikina rabin kuɗi.

Ga dilan da ya taɓa aiko mini sikirin ɗin jabu a kwalin na asali. Tun daga nan kowane sikirin sai na gwada shi a gaban mai waya, na ƙure haskensa, na bi kusurwoyinsa huɗu da yatsa, sannan na sa gam.

Shagon na buɗewa ƙarfe tara. Mai Huawei ya taho da cajarsa.