Daga Tudu Zuwa Anloga: Yadda Gishiri Ke Shiga Gonakin Albasa ta Ƙarƙashin Ƙasa

Duk wanda ya san cinikin albasa a Akra ya san cewa manyan buhunan da ake saukewa a kasuwar Adjen Kotoku, inda aka mayar da 'yan albasar kasuwar Agbogbloshie a 2021, yawancinsu daga Nijar suke zuwa. Amma akwai wata ƙaramar albasa ja mai fitowa curi-curi, wadda matan unguwannin Nima da Mamobi suka fi so idan za su soya shito, wato yajin barkono da ake soyawa da mai, kuma ita a nan Gana ake noma ta, a gaɓar teku ta yankin Volta. Kawuna ya daɗe yana sarinta daga hannun manoman Anloga. Da ya ga kayan da suke aiko masa suna raguwa, kuma duk wanda ya tambaya amsarsa ɗaya ce, wato rijiya ta yi zartsi, sai ya yanke shawarar zuwa ya gani da idonsa, ya kuma ce in raka shi.

Mun shiga mota a tashar Tudu bayan sallar asuba, muka bi babbar hanyar Tema, muka ɗauki hanyar da ta nufi Aflao. Daga Sege zuwa Kasseh ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce mai ƙarancin itatuwa, kuma a bakin titi ana ganin kankana da buhunan gishirin tafkin Songor, wanda mutanen Ada suka daɗe suna ci da sha da shi. Baƙo yakan ɗauka cewa duk kudancin Gana ruwan sama ya wadace shi, alhali wannan kusurwa ta kudu maso gabas tana cikin wuraren da suka fi bushewa a ƙasar, domin abin da take samu a shekara yawanci ba ya kai milimita 1,000. Wannan ƙarancin ruwan sama shi ne tushen duk abin da muka tarar a gaba.

A Sogakope muka haye gadar Kogin Volta, inda mata suka yanyame motar da burodi da soyayyen ƙananan kifi. Kogin yana da faɗi da kwarjini, sai dai ba shi ne kogin da kakannin mutanen wurin suka sani ba. Tun da aka kammala madatsar Akosombo a 1965, aka ƙara da ta Kpong a 1982, yashin da kogin ya saba kwasowa daga arewa yana zubawa a bakin teku ya koma kwantawa a bayan madatsa. A da igiyar ruwa ce ke tura wannan yashi gabas tana cike gaɓar Keta da shi, kuma ambaliyar shekara-shekara tana shiga tafkuna da fadamu tana wanke gishirinsu. Wani ɓangare na wutar da muke kunnawa a Akra daga madatsar Akosombo yake, don haka ba ni da bakin zaginta, amma ya kamata mai shan wutar ya san cewa akwai waɗanda suka biya wani kaso na kuɗinta da ƙasarsu.

A mahaɗar Dabala muka karya dama, muka ratsa fadamu masu dogayen ciyayi har muka fito Anloga. Garin yana kan wani siririn tudun yashi da ya miƙe tsakanin teku da tafkin Keta, wanda shi ne mafi girma a irinsa a Gana, kuma yana cikin dausayoyin da aka sa a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar ta duniya kan kare dausayoyi a 1992. Garuruwan Woe da Tegbi da Keta duk a kan wannan tudu suke a jere, kuma akwai wuraren da mutum zai tsaya a kan titi ya hangi teku a damansa, tafki a hagunsa. Ruwan teku gishiri ne, na tafkin ma gishiri ne, musamman da rani idan rana ta ƙone shi har ana kwasar gishiri a gefensa. A tsakanin waɗannan ruwaye biyu ne mutane suke noman albasa da barkono da kuɓewa da tumatir.

Manomin da ya sauke mu dattijo ne ɗan ƙabilar Ewe, wanda ya iya Hausa saboda daɗewarsa da fataken zango. Bayan gaisuwa ya kai mu gonarsa, inda na ga aikin da ban taɓa ganin irinsa ba. Ƙasar farin yashi ce tsantsa wadda ba ta da abincin shuka, sai abin da aka zuba mata na kashin shanu da kashin kaji. An ja fangaloli dogaye sirara a jere, an daidaita su tamkar da igiya aka auna, kuma a tsakaninsu akwai rijiyoyi marasa zurfi da aka kewaye bakinsu da siminti. Wani saurayi yana sunkuyawa ya cika bokiti, ya miƙe ya watsa ruwan da juyi ɗaya na hannu, ruwan ya bazu a kan lawashi ba tare da ya kwantar da shi ba. Haka zai yi ta yi safe da yamma, domin yashi ba ya riƙe laima, har albasar ta nuna cikin kusan wata biyu.

Kawu bai tsaya dogon bayani ba, sai ya karɓi bokitin ya kamfaci ruwa da tafin hannu ya kurɓa. A rijiyar farko ya gyaɗa kai. A wadda ke can ƙarshen gonar ta wajen teku kuwa, da ya kurɓa sai ya tofar, ya miƙo mini ya ce, "Ɗana, ɗanɗana ka ji." Na ɗanɗana na ji zartsi irin na rijiyoyin wasu unguwannin Akra na bakin teku, wanda sabulu ba ya kumfa da shi sosai. Fangalolin da ake ba wannan ruwa sun bambanta da sauran ko daga nesa: bakin lawashin ya ƙone ya yi rawaya, tsiron ya tsumbure, kuma a gefen fangalin, inda rana ta busar da yashi, akwai wani farin ɓawo siriri da ke murmushewa a tsakanin yatsu. Dattijon ya tuge ɗaya ya nuna mana 'ya'yanta, waɗanda ba su kai rabin na sauran ba, ya ce, "Alhaji, iri ɗaya ne, taki ɗaya ne, rana ɗaya muka shuka su."

Abin da ke faruwa a ƙarƙashin wannan yashi ba shi da wuyar ganewa. Ruwan sama yana nutsewa ya taru a cikin yashin, kuma da yake ruwan daɗi bai kai ruwan teku nauyi ba, sai ya zauna a samansa kamar yadda man ja ke tasowa a kan miya. Ruwan teku yana ɗauke da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, abin da ya sa ya fi ruwan daɗi nauyi da kashi ɗaya cikin arba'in. Daga wannan ɗan bambanci ne masana ruwan ƙasa suka fitar da ƙa'idar da ake kira da sunan Ghyben da Herzberg, wani ɗan Holan da wani Bajamushe da suka gano ta fiye da shekara ɗari da suka wuce. Ƙa'idar ta ce duk mita ɗaya da ruwan daɗi ya ɗara tsayin teku, akwai kimanin mita 40 nasa a ƙasa kafin a tarar da gishiri. Lissafin yana da daɗin ji har sai an juya shi, domin yana nufin cewa idan aka zuƙi ruwa har samansa ya sauka da santimita 10 kacal, ruwan gishirin da ke ƙasa zai iya tasowa da mita 4. Ita kuwa albasa tana cikin amfanin gonar da suka fi rashin jure gishiri, saboda saiwarta gajera ce, kuma idan gishiri ya yi yawa a ƙasa sai ta kasa tsotsar ruwa ko da fangalin a jiƙe yake.

Muddin da bokiti ake ɗiba, ƙarfin mutum shi ne iyakar abin da za a cire, kuma damina tana mayar da shi. Amma a gonakin da ke maƙwabtaka da ta dattijon mun ga abin da ya sauya lissafin. An kafa bututun roba a cikin yashi, an haɗa shi da famfon lantarki, ruwa yana ta feshi a kan fili mai faɗi ba tare da kowa ya sunkuya ba. Ba zan zargi wanda ya sayi famfo ba, domin duk wanda ya kalli saurayin nan da bokitinsa na awa ɗaya zai fahimci dalili, kuma da famfon ne aka buɗe filayen tudu da a da ba a iya nomawa. Sai dai famfo mai ƙarfi da ke zuƙa daga wuri ɗaya yana jawo ruwan gishiri ya taso a daidai ƙarƙashinsa, kuma ruwan ƙasa bai san iyakar gona ba. Wanda ya zurfafa bututunsa don neman ƙarin ruwa kusantar gishirin yake yi, shi da maƙwabcinsa mai bokiti wanda bai sayi komai ba.

Da la'asar muka ƙarasa Keta, ni don in ga gari, kawu kuma don ya gaisa da wani tsohon abokin cinikinsa. A can ɓarnar teku a fili take. Ganuwar Prinzenstein, wadda Turawan Denmak suka gina a 1784 kuma aka tsare bayi a cikinta, teku ta cinye wani ɓangare nata a 1980, kuma mazauna garin suna nuna wa baƙo cikin ruwa su ce a can tituna da gidajen kakanninsu suke. Aikin kare gaɓa da aka kammala a 2004, wanda aka jibge manyan duwatsu aka kuma yi wasu jerin duwatsun da suka kutsa cikin teku don tare yashi, ya tsayar da zaizayar a daidai garin, ko da yake garuruwan da ke gabas da shi sun ci gaba da fama. A watan Nuwamban 2021 igiyar ruwa ta haura cikin garuruwan wannan gaɓa ta raba dubban mutane da gidajensu. Irin wannan ambaliya tana zuba gishiri a gona da rijiya ta sama, kuma bayan ruwan ya janye gishirin yana nan sai damina mai ƙarfi ta wanke shi.

Ina tsaye a kan waɗannan duwatsu na ga cewa su igiyar ruwa suke tarewa, ba su da abin da za su yi wa ruwan da ke ratsa yashi ta ƙarƙashinsu. Rushewar gida tana jawo 'yan jarida da kayan agaji, amma rijiyar da ta yi zartsi ba ta da hoton da za a nuna, sai dai a ga manomi ya bar fangali biyu bana, ya bar huɗu baɗi, ɗansa kuma ya tafi garin Ashaiman da ke kusa da Tema neman aiki. A kan wannan kuma ga tashin teku, wanda a duniya baki ɗaya ya ƙaru da kimanin santimita 20 daga 1900 zuwa yau, kuma yana ƙara sauri. A wurin da tsayinsa bai fi 'yan mitoci a kan teku ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai dabarun da aka sani, kuma ba dukansu ne masu tsada ba. Zuƙar ruwa a hankali daga rijiyoyi da yawa marasa zurfi ta fi zuƙarsa da ƙarfi daga guda ɗaya, ban ruwa ta bututu mai ɗiga a gindin shuka yana rage asara, kuma akwai ɗan ƙaramin ma'aunin gishiri da ake tsomawa a ruwa, wanda zai gaya wa manomi halin rijiyarsa tun kafin lawashi ya gaya masa. Gana tana da Hukumar Albarkatun Ruwa da dokar 1996 ta kafa, wadda ke ba da izinin ɗibar ruwa, amma a ganina abin da zai fi tasiri shi ne yarjejeniya tsakanin manoman kansu. Dattijon ya shaida mana cewa sun saba haɗa baki a kan lokacin shuka don kada ƙwari su riƙa tsallakawa daga tsohuwar gona zuwa sabuwa. Mutanen da suka iya wannan za su iya haɗa baki a kan zurfin bututu da awannin kunna famfo, idan aka nuna musu lissafin yadda za su gamsu.

Washegari da safe aka zauna ciniki. An fito da albasar a ɗaure dami-dami da busasshen lawashinta, kawu ya zaɓa, aka yi ta ja-in-ja a kan farashi kamar yadda aka saba. Daga nan dattijon ya kawo buƙatarsa, cewa a ba shi kuɗin gaba ya sayi famfo babba kamar na maƙwabtansa, tun da su suna zuƙa shi yana kallo. Kawu ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya kira shi da Efo, wato yaya a harshen Ewe, ya ce, "Efo, na taki da na iri zan ba ka yau, amma ba zan sa kuɗina a abin da zai ƙarasa maka rijiya ba." Dattijon bai ji daɗi ba, kuma hujjarsa tana da ƙarfi, domin ƙin sayensa ba zai kashe famfon kowa ba. A ƙarshe suka daidaita cewa zai bar fangalolin wajen teku su huta har ruwan Mayu da Yuni ya sauka, ya mayar da takin a kan na tsakiya, kawu kuma ya yi alkawarin sayen duk abin da suka bayar a farashin ranar da aka tuge.