Ni da hannuna na watsa miskit a lambuna

Har yau in na ga akuya tana taunar 'ya'yan miskit, wata baƙuwar bishiya mai ƙaya, sai raina ya ɓaci, alhali baiwar Allah ba ta yi mini komai ba.

Lambuna yana gefen kogin Gash a Kasala, gabashin Sudan, faddan biyu ne, wato kamar eka biyu, albasa nake yi da ɗan lemun tsami. Yashi da awakin mutane suka dame ni, na ce bari in yi shinge mai rai. Kawuna ya ce in sa magarya ko aduwa. Na ce, "Kawu, aduwa ai sai jikokina." Na je bakin hanya na ciro 'yan miskit na jera. Ba wai ban sani ba ne, tun 1995 gwamnati ta ba da umarnin a kawar da shi, amma na ɗauka maganar manyan gonaki ce irin na Halfa Jadida da Tokar.

Shingen ya yi kyau, ban taɓa ba shi ruwa ba. Cikin shekara uku ya fara zubar da 'ya'ya, dogaye, rawaya, masu zaƙi. Da rani ya tsananta dusa ta yi tsada, sai na riƙa share su ina cika buhu ina kai wa awakina. Har alfahari nake yi a majalisa wai na samu abinci kyauta. Da lokacin dashe ya zo na kwashe takin garken kaf na baza a fangalin albasa.

Ban ruwa biyu, lambu ya tsiro da abin da ban shuka ba.

Ashe haka bishiyar take tafiya tun a ƙasarta, busassun yankunan Amurka ta Tsakiya da ta Kudu, kafin a kawo ta Sudan a 1917. Ƙwayar tana da ɓawo kamar tsakuwa, in ta faɗi ƙasa tana iya daɗewa ba ta tsiro ba. Amma in ta bi ta cikin akuya, a can ake suɓule mata riga, ta fito a shirye da guzurin takinta. Ganyen kuwa dabba ba ta ko kallonsa. Abin da take so a ɗauka ta sa masa zaƙi, abin da take so a bar mata ta hana shi daɗi. Ni kuma na zama jakin da ya kai mata kaya har gida, ban karɓi ko sisi ba.

Na ƙara da wata wautar: waɗanda suka fi ƙarfin hannu na sassare su da adda. Duk wanda na sare guda, sai ya dawo da rassa biyar ko shida. Tsiron da bai kai taƙi ba a sama, saiwarsa ta wuce kamu a ƙasa, don ita yake fara turawa neman ruwa kafin ya damu da ganye. Dubi gawo, wanda Larabawa ke ce wa haraz, shi da damina yake kakkaɓe ganyensa ya bar wa dawa rana. Miskit bai san wannan kunyar ba, kore yake rani da damina, yana sha.

Sai da na sayar da awaki huɗu, cikin waɗanda suka ci 'ya'yan, na biya masu haƙa suka tono su. Ƙaya ta huda tayar amalanke sau uku, ni kuma ta shige mini diddige na yi mako biyu ina ɗingishi. Albasar wannan shekarar ko kuɗin man injin ba ta mayar ba.

In dole sai ka ba dabba 'ya'yan, ka kai a niƙe su lilis tukuna. In ba ka niƙa ba, takin nan kada ya kusanci gonarka. Kuma kada ka sara, ka tono har ƙasan gindi, wajen kamu guda, ka ƙone kututturen. Ƙananan ka cire su da hannu bayan ban ruwa, ƙasa na da laushi.

Kawu bai ce mini uffan ba sai ranar da ya same ni durƙushe ina tsinta. Ya tsaya ya ce, "Ɗana, an fara girbi ke nan?" Ya ajiye mini ƙwallayen magarya a ƙulle cikin leda ya wuce. Na shuka su, yanzu sun kawo mini ƙirji. Jumma'ar da ta wuce kuma na ciro 'yan miskit goma sha bakwai a fangali ɗaya.