Asabar, ni da autanmu da zancen Totti

Yau tun ƙarfe tara rana ta buɗe, ga wuta an ɗauke tun asuba, sai na ja tabarma gindin dogon yaro a ƙofar gida ina latse-latsen waya. A Facebook na ci karo da bidiyon ranar da Totti, ɗan ƙwallon Italiya, ya yi bankwana da ƙungiyar Roma, 28 ga Mayu 2017, bayan sun ci Genoa 3-2. Na sha kallonsa amma wallahi yau ma sai da idona ya ciko, musamman wurin da ya ciro kyallen kyaftin daga hannunsa ya ɗaura wa wani ɗan yaro na ƙaramar ƙungiyarsu, ga dattawa a kan kujeru suna kuka kamar an yi musu rasuwa.

Ina cikin haka autanmu ya dawo daga tirenin a filinsu na Mabera, ya rataya but a wuya, rigar Madrid ɗin nan tasa ta jiƙe sharkaf. Ya leƙo ya ce "Yaya mi kaka kallo?" Da ya gani sai ya taɓe baki wai wanga mutum ai cutar kansa ya yi, kofin lig ɗaya tal a 2001, da ya amsa kiran Madrid da yanzu kofunan Turai ne jibge a ɗakinsa. Na ce zauna auta. Mutum an haife shi a birnin Rum, garin ƙungiyar Roma, ya fara buga wa Roma a 1993 yana ɗan shekara 16, kaka 25 riga ɗaya, wasa 786 ƙwallo 307, ya ɗauko Kofin Duniya da Italiya a 2006 ya dawo gida ya ci gaba da zama cikin mutanensa, wane kofi ne zai sa gari guda ya yi maka kuka haka?

Ya ce ai Turai ce, akwai kuɗi. Na ce to Rabi'u Ali Pele fa, nan Kano? Ya haura arba'in yana sanye da rigar Pillars, kuma ka ji yadda Kanawa ke cewa Sai Masu Gida da ƙarfin gwiwa, don suna da nasu.

Abin da ke cina a rai kenan tun ɗazu. Da dare gidan kallo cike yake maƙil, mu biya kuɗi mu yi ta musu har da zage-zage kan Chelsea da Arsenal, amma ni kaina yaushe rabona da shiga filin wasa na Giginya in kalli Sokoto United? Ban ce yaro kar ya fita neman arziki ba, Allah ya sani gidanmu na buƙata kuma ƙwallo ba ta da tsawon rai, rauni ɗaya ya isa. Amma ina so kafin ya tafi ko'ina ya fara jin daɗin a ce ɗan Sakkwato ne ke riƙe da ƙwallo, 'yan unguwa na kiran sunansa daga kan benci.

Bayan magariba ya kawo min shayi, ya tsaya jim ya ce "Yaya turo min bidiyon nan." Data ta kusa ƙarewa amma na tura. Mun yi da shi wasan gida na gaba tare za mu je Giginya, ni zan sayi tikiti shi zai zuba mai a mashin.