Milimita ɗaya tsakanin ƙari da bakin wuƙa

Abu mafi nauyi da na koya a ɗakin binciken naman jikin majiyyata na asibiti game da sankarar dubura shi ne, girman ƙarin da ke cikin hanji ba shi kaɗai ke nuna makomar majiyyaci ba. Abin da muke tsoro shi ne nisan da ya yi ta gefe, bayan ya huda bangon hanji ya shiga kitsen da ke kewaye da dubura, wanda likitoci ke kira mezorektum. A cikin wannan kitse kaluluwa da jijiyoyin jini suke, wata siririyar fata ta lulluɓe su gaba ɗaya.

Idan aka kawo mana hanjin da aka cire, ta waje muke farawa. A juya shi a hannu, a ga ko fatar nan ta fito sumul ko kuwa an yage ta har tsoka ta bayyana. Sai a shafa wa bayansa tawada don a gane inda wuƙa ta bi, a bar shi ya sha fomalin, ruwan maganin da ke hana nama ruɓewa, sannan a yanyanka shi zagaye-zagaye kamar albasa. A ƙarƙashin madubin ƙara girma ake auna tazarar da ke tsakanin ƙwayoyin cutar da tawadar. In ba ta wuce milimita 1 ba, sai mu rubuta cewa cuta ta taɓa bakin yanka. Hannuna kan yi nauyi wajen rubuta wannan layi, don na san abin da yake nufi ga mutumin da ke kwance a gadon asibiti yana zaton an gama.

Wannan ilimi ba daɗaɗɗe ba ne. A 1982 Bill Heald, wani likitan tiyata a Basingstoke ta Ingila, ya bayyana hanyar cire dubura tare da kitsenta dungurungum, ba tare da an fasa lulluɓin ba. A 1986 Phil Quirke da abokan aikinsa a Leeds suka duba majiyyata 52, suka tarar cuta ta kai bakin yanka a mutum 14, kuma 12 daga cikin 14 ɗin ta dawo musu a wurin da aka yi aikin. Dawowar nan a cikin ƙugu azaba ce: ciwo ba dare ba rana, ga wuyar sake tiyata.

Muna kuma ƙirga kaluluwa, ana so a samu aƙalla 12, mu duba ko cutar ta kutsa jijiyoyin jini na wajen bango, domin ta nan take bi zuwa hanta.

Amfanin sanin duk wannan tun kafin wuƙa ne. Hoton MRI, wanda ke hango cikin jiki, na nuna ko ƙarin ya matso lulluɓin, in ya matso sai a fara da gasa shi da hasken na'ura da kuma magungunan sankara ya ja baya, sannan a yi aiki. A nan ne abin ke damuna. Majiyyatanmu da yawa sun daɗe suna ganin jini a bayan gida suna shan maganin basir, kuɗin hoton ma ya gagari wasu. Kafin su iso, ƙarin ya riga ya manne da ƙashin baya ko mafitsara. Alhali da yawa daga cikin waɗannan ƙararrakin yatsan likita na iya taɓo su a asibitin ƙauye, da an sa safar hannu an duba tun zuwan farko.