Tambayar Gwaggo kafin tafiya Umara

A ƙarshen 2021 Gwaggo ta samu kujerar Umara, aka ce mata sai ta yi allurar korona, sannan a gwada ta kafin ta hau jirgi. Da daddare ta kira ni, don a gidanmu ni ce mai aiki a ɗakin gwaje-gwaje. "Ke 'yar nan, an ce cutar suke ɗura wa mutum a allurar. In gwaji ya nuna ina da ita, kuɗina sun tafi ke nan?"

Na ce, "Gwaggo, kin san ƙarangiya?"

Haka ƙwayar korona take, dunƙule mai ƙayoyi. Ƙayar nan furotin ce da masana ke kira S, da ita take maƙalewa a wata ƙofa mai suna ACE2 a jikin ƙwayoyin halittar hanci da huhu, ta kutsa. Can ciki kuma akwai wani furotin, N, wanda ya naɗe zaren gadon ƙwayar kamar zare a jikin mazari. Garkuwar jiki ba ta kallon baƙo gaba ɗaya. Alama take riƙewa, kamar yadda ake gane mutum da tsagar fuskarsa, sai ta ƙera sinadaran kariya daidai da siffar alamar.

Allurar AstraZeneca da aka yi wa Gwaggo, irin wadda ta fara isowa Najeriya ranar 2 ga Maris, 2021, kusan miliyan huɗu, ba korona ba ce a cikinta. Umarnin ƙera ƙaya kaɗai take kaiwa, naman damtse ya ƙera, garkuwa ta gani ta haddace. Alluran Pfizer da Moderna ma ƙayar suke koyarwa. Shi kuwa gwajin gaggawa na tsinken hanci, galibi N yake nema, wanda allurar ba ta da shi sam. Gwajin PCR da ake buƙata don tafiya a lokacin, zaren gadon ƙwayar yake nema a hanci da maƙogwaro, allura kuma a damtse aka yi ta.

Abin da ya fi burge ni a aikin nan shi ne jini yana ba da labari. In na ga kariyar S kaɗai a jinin wanda ya yi irin wannan allura, to galibi allura ce. In na ga ta N, ya taɓa haɗuwa da cutar, ko da bai yi tari ko sau ɗaya ba. Yana ci mini rai yadda aka bar tsofaffinmu da jita-jitar WhatsApp, alhali bayanin bai fi minti biyar ba.

A Nuwamban 2021 sabon nau'in korona mai suna Omicron ya bayyana da sauye-sauye sama da 30 a ƙayarsa. Masu allura da yawa suka kamu, don sinadaran kariya sun rage gane shi. Amma ƙwayoyin T, wasu sojojin garkuwa masu duba gutsattsarin furotin a jikin ƙwayar halittar da ta kamu, sun ci gaba da gane mafi yawansa, hakan ya taimaka cutar ba ta yi wa masu allura tsanani ba. N bai sauya sosai ba, tsinkenmu ya ci gaba da aiki.

Gwajin Gwaggo ya fito lafiya. Kwana biyu ta yi da ciwon damtse da ɗan zazzaɓi bayan allurar farko, na ce mata sojojin jikinta ne ke karatu. Ta dawo mini da dabino da zamzam a gora.